Jam'iyyar Conservative ta Birtaniya: Faɗuwar Zaɓe ce ko Farkon Gushewa?

Tun daga ranar 4 ga Yulin 2024, ranar da jam'iyyar Conservative ta Birtaniya ta sha kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba cikin kusan shekara 200 da ta yi tana neman ƙuri'a, masana siyasa da 'yan jarida, har ma da jiga-jigan jam'iyyar kanta, suke ta kai-kawo a kan tambaya guda, wato ko abin da ya same ta faɗuwa ce irin wadda kowace babbar jam'iyya kan yi ta sake miƙewa, ko kuwa farkon ficewarta ne daga sahun jam'iyyu biyun da ke karɓa-karɓar mulkin ƙasar. Babu mai jayayya a kan alƙaluman zaɓen. Majalisar wakilan Birtaniya tana da kujeru 650, kowace mazaɓa da kujerarta ɗaya, kuma jam'iyyar da ta samu fiye da rabinsu ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama firaminista. A zaɓen Disambar 2019 Conservative, wadda aka sani da jam'iyyar masu ra'ayin 'yan mazan jiya saboda fifikon da take ba wa tsofaffin cibiyoyin ƙasa da kasuwanci mai zaman kansa da sassaucin haraji, ta ci kujeru 365 da kashi 43.6 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. Bayan shekara huɗu da rabi sai ta tashi da kujeru 121 da kashi 23.7, ma'ana daga masu zaɓe kusan miliyan 14 ta koma ƙasa da miliyan 7. Liz Truss, wadda ta riƙe muƙamin firaminista a 2022, ta rasa mazaɓarta da ratar ƙuri'u 630, mazaɓun da David Cameron da Theresa May suka taɓa wakilta suka koma hannun jam'iyyar Liberal Democrats, a yankin Wales baki ɗaya kuwa jam'iyyar ba ta tsira da ko kujera ɗaya ba.

Saɓanin yana kan ma'anar waɗannan alƙaluma ne, kuma ba a iya auna shi sai an fahimci abin da ake nufi da tsarin jam'iyyu biyu. Ba doka ce ta taƙaita jam'iyyu zuwa biyu ba, kamar yadda gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta yi a Nijeriya a 1989 lokacin da ta ƙirƙiro SDP da NRC ta hana saura rajista. A Birtaniya jam'iyyu suna da yawa, wasunsu ma suna da wakilai a majalisa, amma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba a yi firaministan da ya fito daga wajen Conservative da Labour ba. Tushen hakan yana cikin yadda ake ƙirga ƙuri'a: a kowace mazaɓa ɗan takarar da ya fi kowa ƙuri'a shi ke ɗaukar kujerar ko da bai kai rabi ba, wanda ya zo na biyu kuwa ba ya tsira da komai, kuma wannan ita ce hanyar da Nijeriya da Gana suka gada suke zaɓen 'yan majalisunsu da ita. Wani masanin siyasa ɗan Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana a littafinsa na 1951 a kan jam'iyyu cewa wannan hanya tana tura ƙasa zuwa ga manyan jam'iyyu biyu ta fuskoki biyu. Ta farko lissafi ce zalla, domin jam'iyyar da ƙuri'unta suka warwatsu a ko'ina tana iya tara miliyoyi ba tare da ta zo ta ɗaya a wurare da yawa ba. Ta biyu tana cikin tunanin mai zaɓe, wanda idan ya ga ɗan takarar da yake so ba zai kai labari ba, yakan gwammace ya ba wa mai dama-dama cikin manyan biyu da ya yi asarar ƙuri'arsa. Irin wannan lissafin ne masu ba da gudummawar kuɗi suke yi, da manyan jaridu, da matasan 'yan siyasa masu burin zama ministoci, shi ya sa jam'iyyar da ta zo ta biyu, komai munin kayen da ta sha, take zama madogarar duk wanda ya gaji da gwamnati mai ci.

A kan wannan garkuwa masu ganin Conservative za ta farfaɗo suke dogara, kuma tarihi ya ba su hujjoji masu nauyi. A 1906 jam'iyyar da ƙawayenta sun faɗo ƙasa da kujeru 160, har jagoranta Arthur Balfour ya rasa mazaɓarsa a Manchester, amma kafin shekara goma ta cika ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa, daga 1922 kuma ita ta mamaye siyasar ƙasar har ɓarkewar yaƙi na biyu. A 1945 masu zaɓe suka kayar da gwamnatin Winston Churchill 'yan makonni bayan nasarar yaƙi a Turai, sai ga shi ya dawo a 1951, jam'iyyarsa ta yi shekara 13 a jere tana mulki. A 1997 Tony Blair na Labour ya bar ta da kujeru 165, babu ko ɗaya a Scotland ko Wales, a zaɓen 2001 kuma kujera ɗaya tak ta ƙara, har aka yi ta rubuce-rubuce a kan mutuwarta. A 2010 David Cameron ya zama firaminista, jam'iyyar ba ta sauka ba sai bayan shekara 14. Ita ma Labour an sha yi mata irin wannan ta'aziyya. A 1960, bayan ta faɗi zaɓe uku a jere, Mark Abrams da Richard Rose sun fitar da wani ɗan littafi mai suna Must Labour Lose?, wanda takensa ke tambayar ko shan kaye ya zame wa jam'iyyar dole, sai ga Harold Wilson ya kai ta ga mulki a 1964. A 2019 ta samu kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935, a zaɓe na gaba kuma ta samu 411. Hujjar da ta fi kowace kusa ita ce ta watan Mayun 2019, lokacin da aka yi zaɓen wakilan Birtaniya a majalisar Tarayyar Turai, Conservative ta zo ta biyar da kimanin kashi 9 cikin 100, jam'iyyar Brexit ta Nigel Farage ta zo ta ɗaya da sama da kashi 30. Bayan wata bakwai kacal Boris Johnson ya kai Conservative ga babban rinjayen da aka ambata a sama. Wanda ya yi nazarin wannan tarihi ba zai yi gaggawar yanke hukunci daga girman kaye shi kaɗai ba.

Sai dai akwai babbar jam'iyyar da ta faɗi ba ta tashi ba, kuma a wannan majalisar aka yi abin. Jam'iyyar Liberal, ta masu sassaucin ra'ayi, ita ce ta yi wa Conservative kayen 1906 da kujeru kusan 400, ita ta kafa fanshon tsofaffi a 1908 da inshorar lafiya da ta rashin aiki a 1911, kuma a wannan shekarar ta karya ikon majalisar masu sarauta na hana dokokin da zaɓaɓɓun wakilai suka zartar. A wancan zamani Labour ƙaramar jam'iyya ce da ƙungiyoyin ƙwadago suka taru suka kafa a 1900, kuma mafi yawan kujeru 29 da ta samu a 1906 albarkacin wata yarjejeniyar sirri ce ta 1903, wadda a ƙarƙashinta Liberal ta janye mata 'yan takara a wasu mazaɓu don kada su raba ƙuri'a Conservative ta ci. Bayan shekara 18 Liberal tana da kujeru 40, a 1951 kuma 6.

Abubuwa uku ne suka haɗu a kanta a lokaci guda. A Disambar 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, David Lloyd George ya ture firaminista Herbert Asquith, ɗan jam'iyyarsu ɗaya, da goyon bayan 'yan Conservative, jam'iyyar ta dare gida biyu, kowane tsagi da shugabansa da asusunsa. A zaɓen 1918 tsagogin biyu suka tsayar wa juna 'yan takara, Asquith kansa ya rasa kujerarsa. A wannan shekarar ce kuma aka yi dokar da ta ba wa kusan dukkan maza baligai da mafi yawan matan da suka haura shekara 30 damar zaɓe, yawan masu zaɓe ya tashi daga ƙasa da miliyan 8 zuwa sama da miliyan 21, kuma akasarin sababbin ba su da wata tsohuwar alaƙa da Liberal. Na uku, magajiya tana tsaye a gefe da kuɗin ƙungiyoyin ƙwadago da rassa a ko'ina, ƙuri'unta kuma a tattare suke a garuruwan ma'adinan kwal da masana'antu, inda take iya zuwa ta ɗaya. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga Labour ta shiga: a 1922 ta ci kujeru 142, fiye da abin da tsagogin Liberal biyu suka samu a haɗe, ta zama jagorar 'yan adawa. Da tsagogin suka sasanta a 1923 sun samu 158, Labour 191, babu mai rinjaye, sai Liberal ta yarda Ramsay MacDonald ya kafa gwamnatin Labour ta farko a Janairun 1924. Gwamnatin ba ta yi shekara ba, amma ta ishi masu zaɓe su ga cewa 'yan ƙwadago suna iya riƙe ƙasa, kuma daga nan lissafin da Duverger ya bayyana daga baya ya juya ya koma cin Liberal: masu ƙin Conservative suka nufi Labour, masu tsoron gurguzu suka nufi Conservative. Masana tarihi har yanzu ba su daidaita a kan lokacin da ciwon ya fara ba. George Dangerfield, a littafinsa na 1935, ya tafi a kan cewa rikicin Ireland da yajin aikin ma'aikata da gwagwarmayar mata masu neman 'yancin zaɓe sun riga sun kassara jam'iyyar kafin yaƙi, Trevor Wilson kuwa a 1966 ya ce lafiyarta lau yaƙin ya zo ya take ta. Wannan saɓani da kansa abin lura ne, domin idan bayan shekaru masu yawa ba a yarda a kan ranar da gushewa ta fara ba, waɗanda ke cikin lamarin a yau ba su da dalilin tsammanin za su gane ta da ido.

Darasin da ya fi amfani a cikin wannan tarihi shi ne cewa tsarin zaɓen ba jam'iyya yake karewa ba, matsayi na biyu yake karewa. A 1929 Liberal ta samu kimanin kashi 23 cikin 100, kusan daidai da abin da Conservative ta samu a 2024, amma kujeru 59 kawai ta ci domin ta riga ta zama ta uku. Zaɓen 1983 ya nuna ɗaya fuskar. A 1981 wasu manyan 'yan Labour huɗu, ciki har da Roy Jenkins da Shirley Williams, suka ɓalle suka kafa jam'iyyar SDP, 'yan majalisar Labour 28 suka koma cikinta, ta ƙulla ƙawance da ragowar Liberal, har a ƙarshen wannan shekarar wata ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta ba wa ƙawancen kusan rabin masu zaɓe. A ranar zaɓe ƙawancen ya samu kashi 25.4, Labour 27.6, ratar da ba ta kai ƙuri'u 700,000 ba. Amma Labour ta ci kujeru 209, ƙawancen 23, saboda ƙuri'un Labour a dunƙule suke a arewacin Ingila da Scotland da Wales da tsakiyar Landan, nasu kuwa a shimfiɗe suke a ko'ina, suna zuwa na biyu a ɗaruruwan mazaɓu. Daga nan guguwar ta lafa. Saboda haka tambayar da ta dace a yi game da kowace babbar jam'iyya da ta sha kaye ita ce ko akwai wata a ɓangarenta na ra'ayi da ke iya wuce ta, kuma ko tana da yankunan da har yanzu babu mai taɓa ta a cikinsu.

A nan ne halin da Conservative ke ciki ya sha bamban da na 1906 da 1945 da 1997, domin a duk waɗancan lokutan babu wata jam'iyya mai ƙarfi da ke neman masu zaɓenta daga ɓangaren dama, wato ɓangaren masu tsananin kishin ƙasa da ƙin yawan baƙi. Yanzu akwai. Nigel Farage ya daɗe yana gina wannan fage: jam'iyyar da ya fara jagoranta, UKIP, ta samu ƙuri'u kusan miliyan 4 a 2015 ta tashi da kujera ɗaya, kuma tsoronta yana cikin abin da ya sa Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardamar 2016 wadda ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai. A 2019 Farage ya janye 'yan takarar jam'iyyarsa ta Brexit daga mazaɓu 317 da Conservative ke riƙe da su. A 2024, ƙarƙashin sabon suna Reform UK, bai janye ba. Jam'iyyar ta samu ƙuri'u sama da miliyan 4, wato kashi 14.3, da kujeru 5, ta zo ta biyu a mazaɓu 98. Idan aka tsaya nan, sai a ce labarin SDP ne ya maimaita kansa. Amma a zaɓen ƙananan hukumomin Ingila na Mayun 2025 Reform ta ci kujerun kansiloli sama da 670 da ikon hukumomi goma, Conservative ta rasa kusan adadin kujerun, kuma asarar ta faɗa ne a wuraren da ake ɗauka gidanta ne: a gundumar Kent, inda take da kansiloli sama da 60 cikin 81, ta koma da 5, Reform ta ɗauki 57. Tun daga bazarar 2025 har ƙarshen shekarar Reform ce kan gaba a mafi yawan ƙuri'un jin ra'ayi, Conservative kuma sau da yawa tana ƙasa da kashi 20, a watan Satumba kuma ɗan majalisa mai ci, Danny Kruger, ya sauya sheƙa zuwa Reform.

Dalilan da suka kori masu zaɓe sanannu ne, amma ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne tsaka mai wuyar. Jam'iyyar ta daɗe tana tallata kanta a matsayin wadda ta iya riƙon ƙasa da tattalin dukiya, sai ga shi tsakanin 2016 da 2022 ta yi firaministoci biyar. Johnson ya sauka a 2022 bayan jerin abin kunya da suka haɗa da shagulgulan da aka yi a fadar firaminista lokacin kullen korona, Truss kuma ta gabatar da shirin rage haraji ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba, darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gidaje ya tashi, ta sauka bayan kwana 49, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 11.1. Wannan ya kori masu ilimi da rufin asiri na kudancin Ingila, waɗanda da yawansu dama ba su so ficewa daga Turai ba, suka koma Liberal Democrats, wadda ta ci kujeru 72. A ɗaya gefen, jam'iyyar ta yi alkawari tun 2010 cewa za ta rage yawan baƙin da ke ƙaruwa a ƙasar zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, amma a shekarar da ta ƙare a tsakiyar 2023 bambancin masu shigowa da masu fita ya haura 900,000, kuma 'yan Nijeriya, ɗalibai da ma'aikatan jinya da iyalansu, suna cikin al'ummomin da suka fi yawa a cikinsu. Wannan ya kori ma'aikata da 'yan fansho na ƙananan garuruwa da Johnson ya jawo a 2019, suka koma Reform ko suka zauna a gida. Duk matakin da shugabar jam'iyyar, Kemi Badenoch, wadda aka haifa a Landan ta tashi a Legas aka kuma zaɓe ta a Nuwambar 2024, za ta ɗauka don dawo da rukuni ɗaya yana iya ƙara nisanta ɗayan. A Oktoban 2025 ta zaɓi ɓangare, ta ce gwamnatinta za ta fitar da Birtaniya daga yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan adam, matsayin da Reform ta riga ta ɗauka.

Akwai kuma alamun da ba sa fitowa a sakamakon zaɓe. A farkon shekarun 1950 jam'iyyar tana iƙirarin mambobi kusan miliyan 2.8, a zaɓen shugabancin 2024 kuwa waɗanda suka cancanci kaɗa ƙuri'a ba su kai 132,000 ba. Binciken da aka yi bayan babban zaɓen ya nuna cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 ne suka zaɓe ta, ƙarfinta kuma yana wajen waɗanda suka haura 70. An saba cewa mutum yakan karkata ga Conservative idan ya mallaki gida ya tara iyali, amma tsadar gidaje ta sa wannan mataki yana zuwa a makare ko ba ya zuwa sam. Asarar kansiloli ma ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi, domin su ne masu bi gida-gida suna raba takardu, su ke sanin wanda za a tuna wa ranar zaɓe, kuma daga cikinsu ake samun 'yan takarar majalisa na gobe.

Duk da haka, mai adalci zai yarda cewa tambayar tana iya zama an ɗora ta a kan jam'iyya ɗaya alhali ciwon na tsarin ne gaba ɗaya. A 1951 Conservative da Labour sun kwashe kusan kashi 97 cikin 100 na ƙuri'u tsakaninsu, a 2017 kashi 82, a 2024 kuwa kimanin 57. Labour ta ci kujeru 411 da kashi 33.7 kawai, da ƙuri'u miliyan 9.7, ƙasa da abin da ta samu a 2019 lokacin da aka ce ta mutu, kuma cikin shekararta ta farko a mulki farin jininta ya zube da sauri, 'yan jam'iyyar Green suna cin ta daga hagu, Reform daga tsofaffin garuruwan masana'antu. Idan jam'iyyu biyar suka raba ƙuri'u a ƙarƙashin dokar da aka tsara don biyu, sakamakon yakan zama abin da ba a iya hasashensa: kashi 30 na iya ba da rinjaye, kashi 18 na iya ba da kujeru ɗari ko ashirin, gwargwadon yadda ƙuri'un suka faɗi a ƙasa. Mai karatu a Nijeriya ya ga wani abu makamancin haka a 2023, lokacin da Atiku Abubakar da Peter Obi da Rabi'u Kwankwaso, waɗanda duka suna PDP a 2019, suka tsaya a jam'iyyu uku, Bola Tinubu ya ci da ƙasa da kashi 37. A irin wannan yanayi rauni bai zama hukuncin kisa ba matuƙar abokan hamayya ma suna da nasu, kuma Reform, wadda har yanzu ta dogara ƙwarai ga mutum ɗaya kuma ta fara ɗanɗana wahalar tafiyar da ƙananan hukumomi da kasafinsu, ba ta riga ta nuna tana da irin ginshiƙin da ƙungiyoyin ƙwadago suka zame wa Labour ba.

Kwatanci da Amurka yana taimakawa wajen ganin dalilin da ya sa barazanar ta zo wa Conservative daga waje. Can ma an sha shelar mutuwar jam'iyyu: an yi wa Republican bayan Barry Goldwater ya ci jihohi 6 kacal a 1964, aka yi wa Democrat bayan Walter Mondale ya ci jiha ɗaya da babban birnin ƙasa a 1984, duk suka dawo. Rabon da wata babbar jam'iyya ta gushe a Amurka tun shekarun 1850, lokacin da Whig ta dare a kan batun faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankuna, Republican da aka kafa a 1854 ta gaje ta, ta kai Abraham Lincoln ga shugabanci a 1860. Abin da ya kare jam'iyyun biyu tun daga baya shi ne zaɓen fid da gwani na ƙato-bayan-ƙato a ma'anarsa ta buɗe ƙofa ga talakawan masu zaɓe, wanda ke ba wa ɗan tawaye damar ƙwace jam'iyya daga ciki, kamar yadda Donald Trump ya yi a 2016. Sunan yana nan, amma ra'ayin jam'iyyar a kan cinikin ƙasa da ƙasa da baƙi da ƙawancen soja ya sauya sosai. A Birtaniya 'yan majalisar Conservative ne ke tace 'yan takarar shugabanci su rage biyu kafin mambobi su zaɓa, wanda ba ɗan majalisar jam'iyyar ba kuwa ba shi da hanyar shiga, don haka mutum irin Farage ba shi da zaɓi sai ya gina tasa.

Misalin da Farage kansa ya sha ambata shi ne na Kanada, ƙasar da ke amfani da irin wannan tsarin zaɓe kuma jam'iyyu biyu kaɗai suka saba kafa gwamnatin tarayya a cikinta. Jam'iyyar Progressive Conservative ta ci kujeru 211 cikin 282 a 1984 ƙarƙashin Brian Mulroney. A Oktoban 1993, bayan sabon harajin kayan masarufi da matsin tattalin arziki da rikicin tsarin mulki a kan lardin Quebec, ta samu kashi 16 cikin 100 da kujeru 2, firaminista Kim Campbell ma ta rasa tata. An cinye ta ne daga gefe biyu, jam'iyyar Reform ta Preston Manning ta kwashe yammacin ƙasar da kujeru 52, 'yan a-waren Quebec suka ɗauki 54. Abin da ya biyo baya bai dace da hasashen kowane ɓangare na masu muhawarar yau ba. Tsohuwar jam'iyyar ba ta mutu nan take ba, ta samu kujeru 20 a 1997 da 12 a 2000, Reform kuma ba ta iya tsallakawa gabashin ƙasar ba, don haka suka yi ta raba ƙuri'a jam'iyyar Liberal ta Jean Chrétien tana cin zaɓe uku a jere. Sai a Disambar 2003 tsohuwar jam'iyyar da magajiyar Reform suka yi maja, a 2006 sabuwar jam'iyyar ta kafa gwamnati. Badenoch da Farage duk sun musanta a bainar jama'a cewa za su ƙulla yarjejeniya kafin babban zaɓe na gaba, wanda doka ta wajabta a yi shi kafin ƙarshen Agustan 2029, amma matsin yin hakan zai ƙaru a duk zaɓen cike gurbin da ƙuri'unsu a haɗe suka fi na wanda ya ci, kuma sharuɗɗan za su dogara ne ga wanda ya fi kujeru a ranar da aka zauna. A Kanada jam'iyyar da aka haifa daga majar ta ɗauki sunan Conservative, aka jefar da rabin tsohon sunan, shugabanta na farko da mambobi suka zaɓa kuma, Stephen Harper, yana cikin waɗanda suka shiga majalisa a 1993 a ƙarƙashin tutar Reform.